Chuck Connors: Kaboyin da bindigarsa ta riga zamaninta zuwa duniya

A wata rumfar cajin waya da ke bakin titin Katsina zuwa Daura, a nan Mashi, kwanakin baya na tarar da samari sun yi dafifi a kan waya ɗaya. Wani tsohon shirin talabijin ne, fari da baƙi, da ɗayansu ya tsinto a YouTube. Wani zanƙalelen Bature ne ke tafe a tsakiyar titin ƙasa, doguwar bindiga a daidai kwankwasonsa, yana ɓarin wuta ba ƙaƙƙautawa, bai kai ta kafaɗa ba balle a yi maganar saiti. Da ya gama sai ya wulwula ta da hannu ɗaya, ya zaro harsashi daga aljihun rigarsa, ya ɗago ya ƙura wa mai kallo ido.

Wani dattijo da ya yi farauta da adaka a zamanin ƙuruciyarsa ya karɓi wayar, ya sa aka maimaita masa har sau biyu, sannan ya miƙa wa mai ita. Hukuncinsa gajere ne. A ganinsa duk wanda ya harba bindiga daga kwankwaso da irin wannan sauri, ko rumbu aka kafa masa a gaba sai ya kuskure shi. Ya kuma nemi sanin wace irin bindiga ce wannan da cikinta ba ya ƙarewa.

Dattijon bai san sunan Baturen ba, amma ya sosa daidai inda ke yi wa masana tarihin makamai ƙaiƙayi fiye da shekara sittin. Sunan mutumin Chuck Connors, shirin kuwa The Rifleman, wato mai doguwar bindiga, ɗaya daga cikin shirye-shiryen kaboyi da suka mamaye talabijin ɗin Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Bindigar da ta ɗaukaka shi kuwa, a shekarar da aka ce labarin ya faru, ko zana ta ba a yi ba.

Ɗan ƙwallo daga Brooklyn

An haife shi ranar 10 ga Afrilu, 1921, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, aka raɗa masa suna Kevin Joseph Aloysius Connors. Iyayensa 'yan asalin Ailan ne da suka yi ƙaura daga tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada. Mahaifinsa lebura ne a tashar jiragen ruwa, yaron kuma ya yi wayo ne a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Mutumin da duniya za ta sani a kan doki, a kan kwalta ya tashi, nesa da garke da makiyaya.

Abin da Allah ya ba shi shi ne jiki. Tsayinsa ya kusa ƙafa shida da rabi, ga hannu mai sauri. Wasan besbol, wanda Amurkawa ke ji da shi, inda ake jefo ƙaramar ƙwallo a make ta da kulki a sheƙa da gudu, shi ya sama masa gurbin karatu kyauta a sakandaren Adelphi, daga nan ya wuce kwalejin Seton Hall a jihar New Jersey, inda ya haɗa da ƙwallon kwando. A filin wasa ne laƙabin Chuck ya bi shi har ya danne sunan yanka. Shekara biyu ya yi ya bar karatu don neman kuɗi da ƙwallo, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse shi. Ya shiga soja a 1942, amma a cikin Amurka ya yi yawancin aikinsa, yana koyar da yaƙi da tankoki a sansanin Campbell da ke Kentucky, daga baya a makarantar hafsoshi ta West Point.

Bayan yaƙi ya shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta Boston Celtics a shekararta ta farko. Ranar 5 ga Nuwamba, 1946, ana ɗumama jiki kafin wasansu na farko a gida, ya jefa ƙwallo ta daki bakin kwandon, allon gilashin da ke bayansa ya tarwatse. Shi ne ɗan wasa na farko da aka rubuta ya fasa irin wannan allo a gasar da daga baya ta zama NBA. Sai da aka jinkirta wasa aka je ɗauko wani allon a babban filin Boston Garden, wanda a ranar an ba da shi haya ga Gene Autry, mawaƙin kaboyi, yana wasan hawan dawakai da bijimai irin hawan ƙahonsu. Wannan ce haɗuwarsa ta farko da harkar kaboyi, kuma ɓarna ce ta haɗa su.

Wasa 53 ya buga wa Celtics, ya koma besbol, inda zuciyarsa take. Burinsa tun yana yaro ya buga wa Brooklyn Dodgers, ƙungiyar unguwarsu. Ya samu, amma irin samun da ya fi rashi ciwo: sau ɗaya tak aka ba shi kulki, a 1949, bugun da ya yi kuma ya jawo aka fitar da shi da abokin wasansa a lokaci guda. A 1951 ya buga wa Chicago Cubs wasa 66, aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu a Los Angeles. Duk da haka yana cikin mutum 13 kacal da suka taɓa buga babbar gasar besbol da ta ƙwallon kwando a tarihin Amurka.

Korar da aka yi masa zuwa Los Angeles ita ta zama gobarar Titi. Connors mai barkwanci ne a fili, yakan yi alkafura idan ya yi bugu mai kyau, 'yan kallo kuma cike suke da ma'aikatan Hollywood. Wani mai zaɓen 'yan wasa na kamfanin MGM ya gan shi, aka ba shi ɗan ƙaramin matsayi na jami'in 'yan sanda a fim ɗin Pat and Mike na 1952, tare da Spencer Tracy da Katharine Hepburn. Bai daɗe ba ya rataye kulki.

Uba da ɗa a North Fork

Shekara shida ya yi yana tsintar ƙananan matsayi. Biyu daga ciki sun yi masa rana. A Old Yeller na kamfanin Disney, 1957, ya fito a mutumin kirki da ya bar wa wani yaro karensa. A The Big Country na 1958 kuwa ya fito a mugu matsoraci, wanda aka tsayar da shi gaba da gaba da Gregory Peck kowa da bindiga mai harsashi ɗaya, ya yi azarɓaɓin harbi kafin a ba da izini, ya kuskure, ya ruga ya ɓuya, har mahaifinsa ya harbe shi da kansa don kunya. Wanda ya ga wannan fim ya san Connors ya iya mugunta tun kafin a san shi da kirki.

Da masu shirya The Rifleman suka neme shi, da farko ya ƙi, don kuɗin bai kai abin da yake samu a tsince-tsince ba. Sai da suka kalli Old Yeller suka ga yadda yake da yaro a gaban kyamara, suka ƙara tayi har da kaso 5 cikin 100 na shirin. Sam Peckinpah ne ya rubuta labarin farko. An fara nunawa a tashar ABC ranar 30 ga Satumba, 1958, aka rufe ranar 8 ga Afrilu, 1963, bayan kashi 168, kowanne rabin awa.

Labarin Lucas McCain ne, tsohon sojan Yaƙin Basasar Amurka da matarsa ta rasu ta bar shi da ɗa ɗaya, Mark, wanda Johnny Crawford ya fito a matsayinsa yana ɗan shekara 12. Sun sayi gona kusa da wani ƙagaggen gari, North Fork, a yankin New Mexico. Kowane mako sai wani baƙo ya shigo da fitina, McCain ya yi haƙuri iya haƙuri, a ƙarshe bindiga ta raba gardama. Bayan nan uba da ɗa su zauna a bakin ƙofa su tattauna abin da ya faru. A lokacin baƙon abu ne a ga namiji shi kaɗai yana renon ɗansa a talabijin, yana dafa masa abinci, yana rungumarsa ba kunya. A ganina wannan ne ya riƙe iyaye mata a gaban akwatin, bindigar kuma ta riƙe yara.

Kasuwar kaboyi ta yi tashe a shekarar. Cikin shirye-shirye goma da aka fi kallo a Amurka a kakar 1958 zuwa 1959, bakwai na kaboyi ne. Gunsmoke ne kan gaba, sai Wagon Train, sai Have Gun – Will Travel, The Rifleman na huɗu. Da yake kowa hula ɗaya ce da doki ɗaya, dole kowane jarumi ya nemi abin da za a shaida shi da shi, akasari kuma makami ne. Daga nan ƙaryar ta samo asali.

Bindigar

Akwai wani allon katako a jikin gidan McCain da ke nuna an sake gina shi a 1881. Bindigar da ke hannunsa kuwa Winchester ce samfurin 1892, wadda John Browning ya zana. Shekara 11 ke nan tsakani. Kamar a shirya fim a kan zuwan Turawa Katsina a 1903, a nuno dogarin sarki da agogon batir a hannu. Wadda ta dace da zamanin ita ce Winchester ta 1873, amma kamfanonin da ke ba Hollywood hayar makamai sun tara ta 1892 jibgi, domin an ƙera fiye da miliyan ɗaya. Ga ta da ƙwari, ga ta da sauƙin ɗauka, tana kuma cin harsashin wasa, wato wanda aka ɗura wa albarushi ba dalma a kansa. Daga nesa ta yi kama da yayarta, masu shiri kuma suka ɗauka ba wanda zai duba.

Yadda irinta ke aiki shi ne, akwai wani mariƙin ƙarfe a ƙarƙashinta. A tura shi ƙasa ya tofar da kwanson da aka harba, a jawo shi sama ya cusa sabon harsashi, sannan a ja kunama. Ta McCain an yi mata kwaskwarima uku. An faɗaɗa mariƙin ya zama ƙaton zobe don a iya wulwula ta, dabarar da John Wayne ya riga ya nuna a Stagecoach tun 1939. An sa wani ɗan matoshi da ke tare harsashi kada ya faɗo idan ta kife a sama. Na uku kuma, wanda shi ne sirrin, an huda zoben an ɗaura wata 'yar ƙusa mai zare da ke danna kunama da kanta duk lokacin da mariƙin ya rufe. Ma'ana Connors ba ya taɓa kunama sam, famfo kawai yake yi kamar mai buga ruwan burtsatse. Idan wulwulawa kaɗai ake so a nuna, sai a warware ƙusar kada ta tashi a fuskar wani.

Saurin da ya ba samarin Mashi mamaki, rabi na ƙusar ne. Rabin kuwa nasa ne, ba a raba shi da shi: hannun ɗan ƙwallo ne, kuma bahago ne da ya iya sarrafa ta da kowane hannu. Tsayinsa ma ya taimaka, don gajere idan ya wulwula irin wannan bindiga bakinta na iya kai masa naushi a haɓa.

Tambayar dattijonmu game da cikinta ma tana da amsa. Bindigar harsashi 11 take ci. A buɗewar shirin ana ganin Connors ya harba 12, abin da ya yiwu saboda harsashin wasa ya fi na gaske gajarta. Kunne kuwa 13 yake ji, domin masu haɗa sauti sun ƙara ƙara ɗaya don harbin ya ƙare daidai da kiɗa. Na 13 ɗin bai taɓa fita daga bakin kowace bindiga ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Steve McQueen a Wanted Dead or Alive ya riƙe irin wannan Winchester ɗin aka datse mata baki da gindi, aka kuma jera masa manyan harsasai a ɗamara waɗanda ko kusa ba za su shiga cikinta ba, don kawai sun fi cika ido. Bonanza labari ne na shekarun 1860, amma ana yawan ganin libarba ƙirar Colt ta 1873 a ƙugun 'yan gidan Cartwright. Kuben da ke reto can ƙasa a cinya, wanda ake fizgo bindiga daga cikinsa kamar walƙiya, ɗinkin Hollywood ne. Arvo Ojala, wanda ya shahara da sa wa irin wannan kube ƙarfe a ciki don bindiga ta zame da sauƙi, shi ne mutumin da jarumin Gunsmoke ya yi shekaru yana harbewa a farkon kowane kashi. Libarba mai cin shida kuwa, masu hankali a wancan zamani biyar suke ɗura mata su bar gurbi ɗaya fanko a ƙarƙashin guduma, don in ta faɗi kada ta tashi. A fim takan yi tara ba a sake ɗuri ba. Albarushin lokacin ma irin na adaka ne, mai turnuƙe ɗaki da hayaƙi bayan harbi biyu ko uku.

Shi kansa kaboyi na ainihi makiyayi ne ɗan ƙwadago. Aikinsa koro shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, tafiyar watanni, kusan irin yadda ake koro shanu a ƙafa daga Arewa zuwa Kurmi kafin zuwan tirela. Da za a kawo shi kasuwar Mai'aduwa da ya fi gane kan harka fiye da a fagen daga. Da yawansu baƙaƙe ne da 'yan Meziko, waɗanda talabijin ya share su kusan ƙaf, ko da yake The Rifleman ya gayyato Sammy Davis Jr. har sau biyu a 1962, shi kuwa gwanin zaro bindiga ne na gaske. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone suna da dokar hana yawo da makami a cikin gari. Artabun da ya fi kowanne suna a tarihin yankin, na O.K. Corral a Tombstone, ranar 26 ga Oktoba, 1881, shekarar da McCain ya gina gidansa, ya tashi ne wajen ƙoƙarin ƙwace makamai a hannun waɗanda suka karya wannan doka. An yi harbi wajen talatin cikin kusan rabin minti, mutanen suna dab da juna, mutum uku suka mutu. Yawancin harsasan iska suka sha. Dattijon Mashi da gaskiyarsa.

Kuskuren shekara ba ya cutar da kowa sai masu ƙwaƙwa. Wanda ya fi shi nauyi shi ne yadda ake mutuwa a waɗannan shirye-shirye. Mutum ya dafe ƙirji, ya faɗi a tsanake, rigarsa fes, ba jini, ba kururuwa, ba marayu. Harsashin jarumi bai taɓa kauce wa mugu ya sami mai tallar nono ba. Mu a Jihar Katsina, da muka ga abin da bindiga ta yi wa Batsari da Jibiya da Ƙanƙara da Faskari, ba ma buƙatar masani ya gaya mana wannan ƙarya ce. Peckinpah ma abin bai kwanta masa ba. Ya so a bar yaron ya girma yana ganin ɗacin duniya, aka ƙi, ya bar shirin tun da wuri. A 1969 ya fito da The Wild Bunch, inda ya nuna jini yana tsartuwa har wasu 'yan kallo suka riƙa ficewa daga sinima.

Kaboyi ya zo Afirka

Bayan an rufe The Rifleman hular ta ƙi fita daga kan Connors. Tun a 1962 ya fito a matsayin Geronimo, jagoran ƙabilar Apache da ya yi wa sojan Amurka turjiya har 1886. Dogon Bature mai shuɗin ido aka shafa wa launi aka ce shi ne ɗan asalin ƙasar, wanda wannan ma wata ƙaryar ce da ta fi ta bindiga girma. A wajen wannan fim ya haɗu da Kamala Devi, haifaffiyar Bombay, ya aure ta a 1963, bayan rabuwarsa da uwar 'ya'yansa huɗu maza. Daga 1965 zuwa 1966 ya yi Branded, labarin hafsan da aka kora bisa ƙazafin tsoro, yana yawo da karyayyen takobi. Daga 1967 zuwa 1968 kuma ya yi Cowboy in Africa, inda wani Bature mai gandu a Kenya ya ɗauko shi ya riƙa zarge namun daji da igiya. Kashi 26 aka yi aka rufe, yawancin Afirkar kuma a Kalifoniya aka ɗauke ta.

Abin da masu wannan shiri ba su lura da shi ba shi ne kaboyi ya riga su isowa. Gidajen sinima na Kano irin su Rex da Palace da Plaza sun daɗe suna nuna shi kafin fina-finan Indiya su ƙwace kasuwa, har kalmar ta zauna daram a bakin Bahaushe, yara suna ƙera libarba da kara da laka. A ƙetaren iyakarmu kuma, a Nijar, Moustapha Alassane, wanda daga baya ya yi zamansa a Tawa, ya riga ya fitar da Le Retour d'un aventurier tun 1966. Labarin wani saurayi ne da ya dawo ƙauyensu daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka ɗaura bindigogi, suka watsar da sunayensu na yanka suka koma Black Cooper da James Kelly, mace ɗaya a cikinsu, Zalika Souley, ta zama Sarauniya Christine. Da suka rasa abokan gaba irin na fim sai suka juya kan mutanen ƙauyensu. Fim ne na rabin awa da 'yan mintoci, na barkwanci. Wanda ya kalle shi yau daga wannan yanki dariyarsa ba za ta yi nisa ba.

Kyautar Brezhnev

Connors ɗan jam'iyyar Republican ne na a-mutu, abokin Richard Nixon, mai goyon bayan yaƙin Biyetnam. Sai ga shi babban masoyinsa ya ɓullo daga inda ba a zata ba. The Rifleman na cikin 'yan tsirarun shirye-shiryen Amurka da aka bari a nuna a Tarayyar Sobiyet, shugabanta Leonid Brezhnev kuma yana matuƙar son sa. Da ya ziyarci Amurka a watan Yunin 1973, Nixon ya haɗa su a gidansa na San Clemente. Connors ya ba shi kyautar libarba biyu ƙirar Colt. Ranar tafiya Brezhnev ya hango shi cikin masu rakiya, ya baro jami'ansa ya nufo shi, Connors ya rungume shi ya ɗaga shi sama ƙafafunsa na reto. Hoton ya zagaye jaridun duniya: mutumin da ke riƙe da makaman ƙare-dangi a hannun wanda ya yi suna da harsashin wasa. A Disambar shekarar ya je Mosko bisa gayyata. Da Brezhnev ya mutu a 1982 ya so ya je jana'iza, gwamnatin Reagan ba ta sa shi cikin tawaga ba.

Tom Moore

Da yawa daga cikin masu karatu sun san fuskar Connors ba tare da sun san sunansa ba, kuma ba a kan doki suka san ta ba. A watan Janairun 1977 tashar ABC ta nuna Roots dare takwas a jere, labarin Kunta Kinte da aka sato daga Juffure ta ƙasar Gambiya da zuriyarsa, daga littafin Alex Haley. Masu shirin sun ji tsoron kada fararen Amurka su kashe akwatunansu, sai suka yi dabara: suka ɗauko iyayen kirki na talabijin, waɗanda kowane gida ya saba da su, suka ba su matsayin masu bayi. Lorne Greene na Bonanza shi ya sayi Kunta Kinte. Connors kuma aka ba shi mafi muni, Tom Moore, mashayi ɗan cacar zakaru, wanda ya sayi Kizzy 'yar Kunta, ya yi mata fyaɗe a daren da aka kawo ta, ta haifa masa Chicken George. Ya tashi yaron yana yi masa kiwon zakaru, ya yi masa alkawarin 'yanci, da ya faɗi caca kuma ya biya bashi da shi aka tafi da shi Ingila.

Mutumin da Amurka ta yi shekara biyar tana kallo yana rungumar ɗansa a bakin ƙofa, shi ne yanzu yake jinginar da ɗan cikinsa kamar akuya. Bai sassauta ba, bai nemi a tausaya masa ba. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 100 suka kalli kashin ƙarshe.  Ni dai a wurina shi ne aikinsa mafi kyau, shi ne kuma wanda ya fi kusa da ainihin tarihin ƙasarsu.

Sauran shekarunsa ya yi su ne a ƙananan fina-finai, wasu na ban tsoro, wasu a Turai da Japan, yana zaune a gandunsa kusa da Tehachapi a Kalifoniya. A 1991 aka shigar da shi zauren karrama jaruman kaboyi a birnin Oklahoma, a shekarar kuma ya sake sa rigar Lucas McCain na ɗan lokaci a The Gambler Returns, Johnny Crawford ma ya fito a ciki, ya zama magidanci.

Ya yi shekaru yana zuƙar taba kwali uku a rana kafin ya rage. Ciwon dajin huhu ya kama shi, ya rasu a asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles ranar 10 ga Nuwamba, 1992, yana da shekara 71. An binne shi a maƙabartar San Fernando Mission. A kan dutsen kabarinsa akwai hotonsa na The Rifleman, da tambarin ƙungiyoyi uku: Celtics, Cubs, da Dodgers ɗin da ya buga wa sau ɗaya.